Tsagar Kunnen Muddassir

Ina gaishe ku, masu haƙurin karanta damuwata. Waɗanda suka cika min waya da "Nabila kin cika zargi", na ga saƙonninku duka, kuma ban musa ba. Ni tela ce, a ɗakin Innata nake ɗinkin hijabai a nan Tasawa, aikin kuwa ya koya min in juya riga in duba cikinta kafin in yaba ta. Ku bari in ba ku labarin makon nan tukuna, sannan ku yanke min hukunci.

Ga wanda yau ya fara shigowa: an sa ranar aurena da Muddassir, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi, da zarar an gama kai amfanin gona rumbu. Ni na zaɓe shi da kaina, kuma ina son sa, son da nake jin kunyar rubutawa. Sharaɗi ɗaya na kafa masa tun farkon zuwansa zance, ya yi gwajin emasi, wato amosanin jinin nan da ake gado. Ni AS ce. Lafiyata lau, amma ina ɗauke da rabin ciwon, in na haɗu da mai ɗauke da ɗaya rabin, kowane ciki na yi ana iya samun mai cikakken ciwon.

Ba a takarda na karanta wannan ba. Ƙanena Sufyan SS ne. Ni na goye shi, ni na san yadda yatsunsa ke kumbura in sanyi ya shigo, yadda yake cizon matashi don kar Inna ta ji kukansa. Yakan ce, "Yaya Nabila, zauna min bisa ƙahwa." In zauna da dukan nauyina, ya ce bai ji ba. Bai kai ga shiga kwaleji ba muka rasa shi. Ranar na ce wa raina ba zan haifi yaro in zuba masa ido a wannan azaba ba, ko da wa zan rabu.

To, tun bara nake bin Muddassir da maganar gwajin nan. Yau jarrabawar yara, gobe babur ya lalace, jibi an kira su taro a ofishin sufeto. Sai ranar Talata, ina cikin kafa leshi a bakin wani hijabi ruwan toka, wayata ta yi ƙara. Hotunan takardun asibiti ne har uku, da tambari shuɗi da sa hannu, ga saƙo a ƙasa:

"Wala, gimbiya. Bilan cikakke. Tansiyon jini lau, sukari lau, hanta lau, cutar sida babu. Jinina O pozitif. Sai ki bar ni in sha iska."

Na tura masa alamar dariya, amma ni ban yi dariya ba. Na buɗe hotunan na ja su da yatsa layi-layi, ina neman haruffa biyu kawai, AA ko AS. Babu su. Na duba kwanan wata, sai na ga na lokacin da aka ɗauke su aikin gwamnati ne, da aka ce kowa ya kawo shaidar lafiya. Wato tsohon bilan ya kakkaɓe ya turo min.

Na ɗauki mayafina na nufi gidan su Nana Firdausi, ƙawata tun firamare, wadda ke aiki a labo, ɗakin gwajin jini na asibiti. Na same ta tana wanke farar rigar aikinta a bakin famfo. Ta goge hannu a zane ta karɓi wayar.

"Masha Allah, angonmu garau shike," ta ce. "Sai dai wanga ba abin da kika tambaya ba ne."

"Na sani. So nike ki hwaɗa min da bakinki, kar a ce zargina ne."

"To saurara. Bilan, yadda jikin mutum shike yau ake dubawa. Yau tansiyonka daidai, baɗi ya hau. Shi ya sa ake maimaita shi, in ya daɗe ya zama tsohon labari. Shi ko gwajin emasi, abin da uwa da uba suka zuba maka ake nema. Sau guda ake yi, har ka mutu ba ya canzawa. Kuma mai AS zai iya wuce bilan goma ba a ga komi ba, don ba ciwo gare shi ba."

"O pozitif ɗin hwa?"

"Wannan gurup ne, na ranar ƙarin jini. Shi ma gado ne, amma ba ruwanshi da emasi. Rabin masu zuwa wurinmu haka suke haɗa su, har da manyan ma'aikata."

Ta miƙo min wayar tana ƙoƙarin kwantar min da hankali, wai ƙila shi ma kuskuren ya yi. Na ce mata to. A raina kuwa cewa na yi, mutumin da ke koya wa 'yan aji shida darasin jikin ɗan Adam, wanda na zaunar na rubuta masa sunan gwajin da hannuna, shi ne zai rikita gurup da emasi?

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni, don Baba ma an tura masa hotunan. Yana kan tabarmarsa a zaure da tabarau a karan hanci, sai murmushi yake.

"Kin gani ko? Takarda da tambarin likita. Mi ya rage kuma?"

"Baba, ba shi ne gwajin ba."

"Ke Nabila, ki kiyaye ni. An amshi goro, an sa rana, an shaida ma dangi har Bawudeta. Yaron ga na bincika gidansu da kaina. Ubanshi Alhaji Baƙo ɗiya takwas gare shi, ba wanda ya taɓa kwanciya da wanga ciwo. In da akwai shi cikin jininsu, da bai hito ga ko guda ba?"

Wannan ita ce hujjar da Muddassir ma ke kafa min kullum: gidanmu ba a san shi ba. Inna tana daga ƙofar tsakar gida tana tsince shinkafa, na ga hannunta ya tsaya cikin faranti. Ɗakinta ya cika da kwanoni da kuloli da katifar da ta tara min. Na san tana tsoron biyu, kar a fasa, kar kuma a yi.

Ranar Alhamis na hau mota zuwa Mayahi, gidan yayata Khadija da ke aure a unguwarsu Muddassir. Dama a gidanta muka fara haɗuwa. Ƙanwarsa ce ta haihu, washegari suna, Khadija ta ce in raka ta barka in ɓuya cikin mata. Na sa atamfata mai ganyen kuka, na zumbula hijabi baƙi har ƙasa, na sami lungu kusa da randa na zauna kamar ba ni. Amarya mai jiran gado ba ta da baki a gidan surukai, amma ba wanda ya hana ta ido.

Hajiya, mahaifiyarsa, mace ce mai jiki da fara'a, ta sha shadda ruwan goro da awarwaro har gwiwar hannu. Tana tsakiyar tsakar gida tana ba da umarni, sai na ji ta ɗaga murya:

"Muddassir! Kai Muddassir! Ina ƙanƙarar da na aike ka? Ja'iri, tun da ka samu 'yar Tasawa kanka ya tahi!"

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa kiran sunan ne ya tsaya min a kunne. Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san abin da nake nufi. Muddassir shi ne babba a gidan, ɗan fari. Wace uwa ce a wajenmu take kiran sunan ɗan farinta gatsal a gaban jama'a, har da tsokana? Innata har yau ba ta taɓa furta sunan 'yar farinta "Khadija" ba, sai dai "waccan" ko "yayarku". Maƙwabciyarmu mai suna Khadija ma, Inna "mai ƙosai" take ce mata.

Na ce wa kaina, Nabila bari, zamani ne, wasu sun daina. Ina cikin lallashin raina sai ga shi ya shigo da buhun ƙanƙara a kafaɗa, cikin farar shadda da hula zanna. Mata suka yi ta jan sa da wasa. Mutum ɗaya ce ba ta ɗaga kai ba, wata siririyar dattijuwa da ke gefena tana yanka albasa, da zane baƙi da ya koɗe da kallabi ɗaurin ƙauye. Yana doso wajenmu ta juya masa baya gaba ɗaya, ta ja kallabi ta rufe gefen fuska.

Ya durƙusa daga nesa. "Gwaggo A'i, an zo lahiya?"

"Lahiya," ta ce wa albasa.

Amma da ya juya zai fita, na gan ta. Ta bi bayansa da kallo tun daga randa har ya ɓace a zaure, wuƙa a hannu, ta manta da ita. Ba kallon gwaggo ba ne wannan. Na san shi, shi Inna ke yi wa Khadija in ta zo gida za ta koma.

Na matsa na taya ta yanka. Hira ta ɗan shiga, ta taɓa bakin hijabina ta ce ɗinkin ya yi kyau, ita ba ta taɓa samun mai leshi ba. Na ce ai ni na ɗinka, zan kawo mata. Ta ce a Atantane take, ita ƙanwar Alhaji Baƙo ce. Na tambaye ta yara, ta ce, "Allah bai bar min ba," ta ci gaba da aikinta.

A hanyar komawa na tsare Khadija da tambaya. Ta ce ita ba ta san komai ba, ta zo unguwar ta tarar da shi ɗan Hajiya, kuma in na kashe aurena da shegen bin diddigina kar in zo mata da kuka. Sai wani abu ya dawo min. A saman kunnen Muddassir na hagu akwai 'yar tsaga, tsaf kamar an sa almakashi. Na taɓa tambayarsa, ya ce waya ce ta yanke shi yana yaro. Ni da nake yanka yadi kullum na san yagewa, na san yanka. Tun ranar ban yarda ba, na dai bar shi.

Hijabin nan ruwan toka mai leshi yana cikin jakata, na wata ce ta sa in ɗinka. Allah ya ba ta haƙuri. Da safe na ce wa Khadija zan shiga kasuwa neman zare, na tare ɗan kabu-kabu na ce Atantane. Hanya duk yashi, gonaki an girbe gero an bar kara a tsaye, mata na ta roron wake. Tun muna fita gari rezon waya ya ɗauke, na ji daɗin hakan.

Na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana sussukar wake. Gida ne mai shara tas, ɗaki biyu na laka da rumbu, ba takalmin yaro ko ɗaya a ƙofa. Ta gane ni, ta rasa inda za ta sa ni, ta shimfiɗa tabarma ta dama min fura da nono. Da ta sa hijabin ta shafa leshin, sai ta yi dariya tana rufe baki.

Ban iya kwana-kwana ba, kun sani. Na ajiye ludayi na ce, "Gwaggo, ni ce wadda Muddassir zai aura."

"Na sani, ɗiyata. Tun jiya aka nuna min ke."

"Ina da ƙane, ya rasu. Ciwon da ke kumbura hannu da ƙahwa, ido shi yi ɗorawa, yaro shi yi ta kukan ƙashi in sanyi ya taho."

Hannunta ya sauka daga leshin. Ta dubi tarin waken, ta yi magana muryarta ƙasa-ƙasa.

"Haka nawa suka yi. Huɗu. Da an yaye su sai abin ya taso. Aka ce wabi gare ni, aka ce iska ce ke bi na. Ba inda ba mu tahi ba ni da malam, Allah shi jiƙan shi."

"Huɗu kika haihwa?"

Ta koma kan wakenta. Na ji kunya ta kama ni, yarinya kamata ina tuhumar sa'ar uwata a gidanta. Amma na tuna Sufyan, na daure.

"Gwaggo, don Allah. Wa ya tsaga mishi kunne?"

Sai hawaye, ba kuka ba, hawaye kawai suna bin kumatunta suna sauka kan sabon hijabin.

"Ungozoma ce. Ta ce in an yi mishi shaida, aka hidda shi daga hannuna, abin ba ya gane shi. Ranar suna Yaya Baƙo ya zo ya ɗauke shi, lokacin matarshi ba ta samu haihuwa ba. Tun ranar ban ƙara kiran sunanshi ba, ɗiyata. Tsoro nike kar abin da ya kwashe sauran shi ji, shi san nawa ne. Kuma kin gani, ya rayu. Dabarar ta yi."

Ban ce mata ba dabarar ba ce. Da wane baki? Matar da ta hana kanta ɗanta shekara talatin don ya rayu, ni ce zan zauna in yi mata bayanin AS da SS? Abin da na gane shi ne, ita da mijinta duka suna ɗauke da rabin ciwon, kamar Inna da Baba. 'Ya'ya takwas ɗin Alhaji Baƙo da ake kafa min hujja da su ba su ne 'yan uwansa na ciki ɗaya ba. Nasa suna maƙabartar Atantane, su huɗu.

Da zan tafi ta cika min ƙwarya da wake, ta rako ni har bakin danga. Ta riƙe hannuna, ta duba hagu da dama.

"Shi... wancan. Shina cin abinci sosai? Na ga ya rame."

Na ce yana ci. Na hau babur ina kuka, ɗan kabu-kabu ya yi ta ba ni haƙuri ba tare da ya san dalili ba.

Muna dab da Mayahi rezo ya dawo. Na sa aka sauke ni gindin wani gawo a bakin gari, na kira Firdausi na zayyana mata. Ta yi salati, sannan ta ce, "In iyayenshi duka AS ne, shi kuma ya girma lahiya, to cikin kashi ukku, biyu AS ne, guda AA. Akwai sauran hanya, Nabila, amma sai an gwada. Ba a ganewa da ido." Na kashe wayar ina maimaita guda cikin uku, ina jin ya yi min kaɗan.

Tambaya ɗaya ta rage tana ci na. Ya sani, ko bai sani ba? In bai sani ba, ni ce zan rushe masa uwa da uba rana ɗaya. In ya sani, to shekara guda ke nan yana kallon idona yana ce min gidansu ba a san ciwon ba. Ban gama tunanin ba saƙonsa ya shigo.

"Namadi direba ya ce ya gan ki Atantane."

Ƙasar nan ba a ɓuya. Na rubuta, "Eh. Hijabi na kai ma Gwaggo A'i."

Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi:

"Tana lahiya?"

"Lahiya lau. Ta ce ka rame."

Sai ga saƙon murya. Na kara a kunne, muryar ba irin ta mai ce min gimbiya ba ce.

"Nabila, na sani. Tun ina aji shida wata tsohuwa ta hwaɗa min wurin wani biki. Ban taɓa nuna ma Hajiya na sani ba, ita ma Gwaggo haka. Ranar da kika ba ni labarin Sufyan, kika ce hannu da ƙahwa, na gane abin da ya kashe 'yan uwana. Cikin wancan satin na tahi Maraɗi na ba da jini, gwajin da kika rubuta min, shi aka yi. Suka ce in komo in amsa. Na je har bakin ƙohwar labo, wallahi na kasa shiga. Muddin ban gani ba, ke tawa ce. Rezilta na can tun bara."

Na saurara har sau biyu. Na ji haushinsa kamar in fasa wayar, na ji tausayinsa, kuma abin da ya fi ba ni takaici, na ji son sa bai ragu ko kaɗan ba. Ya bar Inna ta tara kwanoni, ya bar Baba ya shaida wa dangi, ya turo min tsohon bilan da tambari, alhali amsar tana kwance a Maraɗi tana jiran mu.

Na share fuskata da bakin hijabi na rubuta masa:

"Bilan ne ke tsuhwa, wanga ba ya tsuhwa. Abin da ke ciki bara shi ne yau. Ran Litinin da sahe ina tashar Maraɗi, tare za mu shiga. In AA ne, ka tahi Atantane ka gaida uwarka kahin ka zo gidanmu. In AS ne, ni zan hwaɗa ma Baba da bakina a maida goro. In ko ba ka zo ba, na ɗauka AS ne."

Layi biyun suka koma shuɗi nan take. Ya karanta.

Yanzu da nake rubuta muku wannan ina gida Tasawa, Lahadi ce da la'asar. Har yanzu bai amsa ba. Ɗazu Inna ta shigo ta tarar ina goge atamfar da zan sa gobe, ta tambaye ni ina za ni, na faɗa mata duka ban rage komai ba. Ta zauna bakin katifar aurena da ko ledarta ba a cire ba, ta daɗe tana kallon hoton Sufyan da ke jikin bango. Sannan ta miƙe ta buɗe akwatinta, ta fiddo mayafinta na fita unguwa ta ajiye kan atamfata.

"Goge min wanga," ta ce. "Ba ki tahiya ke kaɗai."